TATTALIN RUWAN KOGI DA NA TAFKI GA MANOMIN RANI

Manoma, wannan takarda tana magana ne a kan ruwan da ke bisa ƙasa, watau ruwan kogi, da na tafki, da na kududdufi, da na dam, da wanda ke bin kanal zuwa gonakinku. Ba ruwan rijiya muke nufi ba, ko da yake su biyun 'yan'uwan juna ne, don kuwa rijiyar fadama daga kogi take sha. An shirya ta musamman domin masu noman rani a bakin Kogin Kano da Calawa da Haɗeja da Jama'are har zuwa Kogin Yobe, amma duk mai lambu a bakin ruwa zai sami abin ɗauka a ciki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

DAGA INA RUWAN YAKE, INA KUMA ZA SHI?

Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, su wuce ta Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga duwatsun Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci. Su biyun suna bazuwa cikin babbar fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, sa'an nan su tattaru wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe. Shi ne ke wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar wajen Diffa, inda ake noman tattasai da shi, kana ya faɗa Tafkin Cadi. Ka ga ke nan mai tumatir a Kura, da mai shinkafa a Auyo, da masunci a Nguru, da mai tattasai a Diffa, duk daga ƙwarya ɗaya suke sha, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Tambayi dattawan garinku yadda kogin yake kafin 1974. Za su gaya maka da damina yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadama a watan Agusta da Satumba, da rani kuma ya ƙafe sai yashi da 'yan gurabe nan da can. Wannan cika da janyewa ita ce arzikin mutanen fadama. In ruwa ya hau a yi shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. In ya janye a bi danshi da wake da sauran kayan rani, makiyaya su sauko da shanu, ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma ya cika rijiyoyi har nesa da kogin.

Ana cikin farin 1972 zuwa 1974 aka gama dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, a shekarar 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 kuma aka gama dam ɗin Calawa da ke Ƙaraye. Waɗannan madatsu biyu su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Ba wanda zai yi musun amfaninsu. Da ruwan Tiga ake noman alkama da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da ruwan madatsun biyu birnin Kano ke sha, da shi kuma ake noman rani a Auyo. Iyali dubbai da a dā sai cin rani sun zauna gida suna noma sau biyu a shekara.

Amma kogin ya sāke hali. Ambaliyar damina ta ragu, da rani kuwa maimakon ya ƙafe sai ya riƙa tafiya a hankali shekara zagaye. Ruwa marar ƙarfi ba ya iya share yashi da laka, sai ya ajiye su a hanya. Wannan ne ya yi wa kacala shimfiɗa.

KACALA

Kacala ba baƙuwa ba ce, dā ma akwai ta jefi-jefi. Abu uku take so: ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, da laka, da taki. Duka ukun mun ba ta. Na farko da na biyu daga sauyin halin kogi, na uku kuwa daga takin zamanin da ke wankewa daga gonakinmu ya bi lambatu ya koma kogi. Sai ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan Haɗeja. A can kogin yakan rabu, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. Da kacala da laka suka cushe wasu rassan, sai ruwa ya karkata gefe ɗaya. Waɗansu garuruwa suka wayi gari gonakinsu na cikin ruwa shekara da shekaru, waɗansu kuma kogi ya bar su, fadamarsu ta bushe. Har ta kai ruwan Haɗeja da ƙyar yake isa Gashuwa, akasarin abin da Kogin Yobe ke samu daga Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Bugu da ƙari kacala ta zama gidan tsuntsaye jan-baki masu cinye shinkafa da gero, ta hana kwale-kwale wucewa, ta hana masunci jefa koma.

Saboda irin wannan ne a 2006 jihohi shida da ke shan wannan ruwa, watau Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka haɗa kai da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusu domin kula da kogin baki ɗayansa. An sha kawo injuna ana yashe hanyoyin ruwa. To, amma inji yana share mil goma ne ya tafi. In mutanen wurin ba su bi baya ba, shekara biyu ta ishi kacala ta koma gidanta.

Yankan kacala yana da ƙa'ida. Ganyenta kamar bututu yake, ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka. Kadan ka yanke ta a saman ruwa, aski kawai ka yi mata, za ta tofo fiye da dā. Ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwan, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska. A maimaita sau biyu ko uku cikin shekara, kuma a yi kafin ta fid da kai, don kai ɗaya yana ɗauke da iri dubbai masu tashi cikin iska. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu, kada a bar shi ya ruɓe a hanyar ruwa. Ana jinka da shi, ana tabarma, a Senegal da Muritaniya har gawayin girki suke yi da shi. Ƙona ta da rani ba ya kashe saiwa. Inda hali ya yi, a bar ƙaramin kanal ko lambatu ya bushe ƙayau na 'yan makonni tsakanin girbi da shuka, a tone saiwoyin a shanya su a rana. Wannan aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba.

NAWA NE RUWAN DA GONARKA KE BUKATA?

Yanzu mu dawo gonarka, don a nan ne ruwa ya fi ɓacewa, a nan ne kuma kake da iko a kansa. Ba kai ke buɗe ƙofar Tiga ba, amma kai ke buɗe bakin fangalinka.

Ga ɗan lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. Kadada ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. In ruwa mai kaurin milimita 1 ya rufe kadada ɗaya, lita 10,000 ke nan, watau duro 50 irin mai cin lita 200. Alkama tun daga shuka har girbi tana bukatar milimita 450 zuwa 650. Albasa 350 zuwa 550. Tumatir 400 zuwa 800, gwargwadon iri da zafin lokacin. Shinkafar rani kuwa, in an bi yadda aka saba ana tsare mata ruwa kullum, takan haura 1,000, a ƙasa mai yashi ma ta ninka haka. Saboda haka ruwan da zai shayar da eka ɗaya ta shinkafa ya isa eka biyu ta alkama ko albasa. Wanda gonarsa jigawa ce, ko tana can ƙarshen kanal, ya yi tunani sau biyu kafin ya dasa shinkafar rani don kawai ya ga maƙwabci ya samu bara.

Mu ɗauki misalin mai rubu'in kadada yana so ya ba ta ruwa mai kaurin santimita 5, watau milimita 50. Lita 125,000 yake bukata. In injinsa yana fitar da lita 500 a minti ɗaya, aikin minti 250 ne, awa huɗu da 'yan mintoci. Duk abin da ya ƙara bayan wannan, ruwa ne da zai wuce saiwa ya tafi da taki, ga kuɗin mai a banza. Sanin ƙarfin injinka ba wuya: ka kafa bakin tiyo cikin duro, ka duba agogo. In duron ya cika cikin daƙiƙa 24, injinka na ba da lita 500 a minti. In ya ɗauki daƙiƙa 40, lita 300 yake bayarwa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 manoma da yawa sun koma injin sola, kuma abu ne mai kyau. Sai dai na lura da wani hali. A lokacin da mutum yake sayen fetur, yana tsaye a kan injin, fangali na cika yana kashewa. Yanzu da rana ke biyan kuɗin, sai a kunna tun hantsi a tafi kasuwa. Rana kyauta ce, ruwan tafkin kuwa mai ƙarewa ne.

YAWAN RUWA CUTA NE

Manoma da yawa sun ɗauka in an cika wa shuka ruwa an yi mata gata. Ba haka ba ne. Ban da irin su shinkafa, saiwar shuka da iskar da ke cikin ƙasa take numfashi. Ƙasar da ta kwana biyu cikin ruwa ba iska a cikinta, sai ka ga ganye ya yi rawaya, manomi ya ce taki ne ya yi kaɗan, ya ƙara buhu, ya ƙara ruwa, ruwan ya sāke wanke takin. Yuriya musamman ba ta jimre wa wannan.

Cuta ta biyu ta fi wannan muni don a ɓoye take zuwa. Ruwan da ya wuce saiwa yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa, shekara bayan shekara yana hawa. In ya matso kusa da sama, zafin rana sai ya riƙa jawo shi, ruwan ya tashi, gishirin da ke cikinsa ya zauna. Alamarsa ita ce farin gari kamar kanwa a kan kunya da gefen fangali, da wuraren da shuka ke fitowa tsilli-tsilli ko ta ƙone a bakin ganye. Gonar da kanwa ta ci, gyaranta na shekaru ne. Maganin tun farko shi ne lambatu. Abin takaici, a wurare da dama an cike lambatu an shuka a kai, wai don a ƙara kunya biyu. Wanda ya yi haka ya sayar da gonarsa da ta maƙwabtansa a kan kwandon tumatir. Kowane ruwa da ya shiga gona lalle ya kasance rararsa tana da hanyar fita.

Kafin ka ba da ruwa, ka tona da hannu ko fartanya kamar taƙi ɗaya kusa da gindin shuka, ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule ta bar danshi a tafin hannunka, ka dakata. In ta dunƙule amma da ka taɓa ta sai ta wargaje, lokaci ya yi. In ta ƙi dunƙulewa sam, ka makara. Kada ka yi hukunci da saman ƙasa, hunturu yana busar da shi cikin yini ɗaya alhali ƙasa da danshi. Kada kuma ka yi hukunci da yaushin ganye da tsakar rana, ka duba shi da sassafe.

Ƙasa mai yashi tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, mai laka tana son a ƙosar da ita sa'an nan a bar ta ta huta. A lokacin sanyi alkama a ƙasa mai ɗan nauyi takan yi kwana 7 zuwa 10 tsakanin ruwa da ruwa. A shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya kai Janairu, alkamarsa za ta zuba ido cikin zafin Maris, ta sha ruwa da yawa ta ba da kaɗan. In ruwa ya yi ƙaranci har sai an zaɓa, kada a hana ta a wajen mako na uku bayan shuka, da lokacin da take fid da kai, da lokacin da ƙwayar ke madara. Tumatir ba ya son yau ƙishirwa gobe ambaliya, abin da ke fasa shi ke nan, ya kuma ruɓar masa da gindi. Albasa a yanke mata ruwa mako biyu zuwa uku kafin cira, in ana so ta yi ajiya.

Sauran dabarun kun san su, tuni kawai nake yi. A baje fangali ya daidaita, don in gefe ɗaya ya fi tudu sai an nutsar da rabin gona kafin ruwa ya hau wancan rabin. A ƙasa mai yashi a yi fangali ƙanana. A yi ban ruwa da safe ko da yamma. A rufe gindin tumatir da tattasai da karan shinkafa ko busasshiyar ciyawa. A zuba takin gargajiya, don ƙasar da ta ƙoshi da shi ta fi riƙe danshi. Doguwar hanyar ruwa ta ƙasa, musamman cikin yashi, tana shanye kaso mai yawa kafin ya isa gona, wanda ya sami hali ya sa tiyo ko bututun roba.

SHINKAFA BA KIFI BA CE

Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar karɓuwa. Shinkafa tana jimre wa ruwa, amma ba dole ne ta kwana cikinsa kullum ba. Babban aikin ruwan da ke kwance shi ne danne ciyawa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta fito da wata hanya wadda manoma suka jarraba a ƙasashe da yawa, tana rage ruwa har zuwa kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba, in an bi ta daidai.

Ka sami guntun bututun roba mai tsawon santimita 30, mai faɗin da hannunka zai shiga. Ka huhhuda rabinsa na ƙasa da ƙusa mai zafi ko'ina. Ka kafa shi cikin fangali kusa da kunya, a wurin da ba tudu ba kwari, rabin da aka huda ya nutse cikin ƙasa, rabi ya tsaya a sama. Ka kwashe lakar da ke cikinsa har gindi. Yanzu kana iya ganin inda ruwa yake a ƙarƙashin gonarka.

Bayan dashe da mako biyu, in shinkafa ta kama kuma ka ci ƙarfin ciyawa, ka ba da ruwa ya hau santimita 5, watau kamar faɗin yatsu uku. Sa'an nan ka bar shi. Zai janye daga sama, ƙasa ta fito, har ta ɗan tsattsage. Kada hankalinka ya tashi, ka leƙa bututu. Muddin kana ganin ruwa a ciki, saiwa tana sha. Sai ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, watau ya kai gindin bututun, sa'an nan ka sāke cikawa zuwa yatsu uku. Haka za ka yi ta yi. Amma daga mako ɗaya kafin ta yi fure zuwa mako ɗaya bayan fure, a tsare mata ruwa kada ya yanke, in ba haka ba ƙaiƙayi za ka girba. Bayan nan a koma yadda ake yi, kuma a yanke ruwa kwata-kwata kamar mako biyu kafin girbi.

Wannan hanya tana da sharaɗi. Ba ta dace da gonar da kanwa ta riga ta kama ba, kuma sai wanda ya tabbata zai sami ruwa ranar da yake so. Shawarata ita ce ka jarraba a fangali biyu ko uku bana, ka auna buhunan da ka samu da na sauran, ka kuma lissafa man da ka ƙona. Sauro ma yakan ragu inda gona ke bushewa lokaci-lokaci.

NA BAKIN RUWA DA NA ƘARSHEN KANAL

A kowace ma'aikatar ban ruwa kukan ɗaya ne: na kusa da ƙofa gonarsa ta yi dausayi, na ƙarshe yana kwana a gona da fitila yana jiran abin da ya rage. Daga nan sai fasa kanal da dare, da karya kwaɗon ƙofa, da datse hanya da buhunan yashi. Kowace ɓaraka da aka yi wa kanal tana zubar da ruwa dare da rana, har da ranar da mai fasawar ba ya bukata.

Ƙungiyar masu amfani da ruwa domin wannan aka kafa ta, ba domin rabon taki kaɗai ba. A zauna kafin shuka a san eka nawa za a noma da abin da kowa zai shuka, a yanka ranakun kowane layi, a rubuta a manna inda kowa zai gani. Inda aka fi samun zaman lafiya, na ga ana fara ba na ƙarshe ne a hauro sama, don na sama ba ya rasawa. A shuka a lokaci ɗaya, domin in wani yana girbi wani yana dashe ba ranar da za a iya rufe kanal a gyara. A yashe ƙananan hanyoyi sau biyu a shekara. A biya kuɗin ruwa, a kuma tambayi shugabannin ƙungiya inda kuɗin ya shiga, duka biyun haƙƙi ne.

Kada a manta ba manoma kaɗai ke da kogin ba. A bar burtali da mashaya a buɗe, a yi shawara da Sarkin Fulani da Sarkin Ruwa kafin a kewaye bakin tafki da lambu. Saniyar da aka toshe wa hanyar ruwa ta cikin albasa za ta bi.

TSABTAR RUWA DA GAƁAR KOGI

Kada a wanke injin feshi ko a jefa kwalbar magani cikin kogi ko kanal. A ɗebi ruwa a bokiti a wanke can tudu nesa da rijiya, a huda kwalbar kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. A shekarun baya an yi ta zuba Gamalin a gurabe don kama kifi. An haramta wannan magani, kuma yin haka da kowane irin magani kisan 'ya'yan kifi ne da cutar da mai ci. Fitsari ko bahaya a kanal shi ke yaɗa tsargiya, don ƙwayar cutar tana shiga jikin dodon koɗi ta girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai dashe. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani.

Noma har leɓen kogi yana zubar da gaɓa, ƙasarka ta tafi, kogin ya cike, ambaliya ta ƙaru. Waɗanda suka ga ruwan 2022 a Jigawa ba sa bukatar dogon bayani. A bar taku goma ko fiye ba a nome ba, a dasa jema ko gamba, a bar giyayya da sauran itatuwan bakin ruwa su tsaya. Lakar da ke cike tafkuna kuwa daga gonakin tudu take zuwa. Manoman jihar Tawa a Nijar sun nuna abin da jeren duwatsu a gicciye, da ramukan tassa, da rabin-wata ke yi: ruwan sama ya tsaya inda ya faɗi, ƙasa ta zauna, fako ya koma gona. In kwazazzabo ya fara a gonarka, ka tare shi da duwatsu da jema tun yana ƙarami.

ƘARAMIN DAM NA GARI

Garuruwa da yawa suna da dam na ƙasa ko babban tafki da aka haƙa, an miƙa wa jama'a an tafi. A watan Maris da Afrilu rana kaɗai tana iya shan kusan santimita ɗaya a yini daga fuskarsa, ko ba wanda ya ɗiba. Saboda haka a kafa sanda mai alama a cikin ruwa tun ƙarshen damina, a riƙa dubawa kowane mako, a kuma yarda tun wuri a kan alamar da in ruwa ya sauka gare ta za a tsai da injuna a bar saura domin sha da dabbobi. Tafki mai zurfi ya fi mai faɗi riƙe ruwa, don haka in ya ƙafe a yashe tsakiyarsa, lakar kuma a kai gona, taki ce.

Jingar dam tana son ido. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agusta na 1988, na Alau kuma a Satumba na 2024 ya shanye babban sashe na Maiduguri. In manya suna ɓallewa, na garinku ba ƙarfe ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada a bar itace ya girma a kan jinga, don in saiwarsa ta ruɓe ta zama hanyar ruwa. Ciyawa mai shimfiɗa ake so. A tone gidan gara, a cike ramin gafiya da na ɓera a daddaɓe. Kada shanu su mai da jinga hanya, kada kuma a ɗebi ƙasar gini a gindinta.

Mafitar rarar ruwa, wadda ke gefe domin in dam ya cika ya zubar, a share ta kafin ruwan farko. Kada a kuskura a toshe ta da buhuna don a ƙara tara ruwa, domin ruwan da ya rasa mafita ta kan jinga zai bi, jingar ƙasa kuwa ba ta jimre wa haka ko na dare ɗaya. A riƙa zagaya bayan jinga, musamman a Agusta. In an ga ɗan tsattsafo mai haske garau, a sa alama a riƙa lura ko yana ƙaruwa. In ruwan da ke fitowa ya yi jajaja ko yana tafe da laka, ko an ga tsaga ko wani wuri ya lotsa, ƙasar cikin jingar ce ke fita. A sanar da mai gari da malamin gona da Sashen Ayyuka na ƙaramar hukuma a ranar, a kuma gaya wa mutanen da ke zaune a gangare su kwana a tudu.